Eriyar Tafi-da-Gidanka: A Auna Kafin a Yanka

(Kiɗan buɗe shiri. Ya lafa a hankali.)

  Yau eriya za mu haɗa, irin wadda mutum zai naɗe ya jefa a jaka, ya hau babur ya fita bayan gari ya kafa ta, in ya gama ya kwance abarsa ya dawo gida kafin a kira magariba. Daga unguwar Soron Ɗinki ta birnin Kano zan riƙa ɗauko misalai, domin abin da ke damun mai rediyo a can shi ke damun duk mazaunin cikin badala, daga Yakasai har Mandawari. Mai takarda da biro kusa ya jawo su. Akwai lissafi a gaba, amma bai kai na kasuwa wuya ba.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake jin labarun duniya ya san mita 16, mita 19, mita 25, mita 31, mita 49. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957 iyayenmu ke murɗa akwati suna farautar waɗannan mitoci, da asuba da kuma bayan isha'i. To, mitar nan awo ne na gaske, irin wanda ake yi da tef. Saƙon rediyo yana tafiya ne yana kaɗawa, da gudun haske, kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Nisan da ya ci kafin ya kammala kaɗawa ɗaya shi ne tsawon zangonsa. Yawan kaɗawar da yake yi a sakan kuma shi ake ƙirgawa da kilohaz da megahaz; megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ke nan. Ka raba 300 da megahaz ɗin tasha, abin da ya fito shi ne zangonta a mita. Ɗauki Rediyon Kaduna, da aka daɗe ana kamawa a kan kilohaz 6090, wato megahaz 6.09. Raba 300 da shi, za ka sami 49 da 'yar ɗoriya. Ka ga inda mita 49 ta fito. Tashar FM da ke kan 99.5 kuwa, ko da a bakinmu mukan ce mita, megahaz ne; zangonta mita 3 ne kacal. A riƙe wannan da kyau, don wanda ya rikita su zai sayi wayar da za ta zagaye layinsu a banza.

Eriya riga ce da ake yanka wa zango. Tela a Soron Ɗinki ba ya ɗora almakashi kan shaddar mutane sai ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya auna tsayi, kuma ko ya auna yakan bar rara, don ya san rigar da ta yi tsawo ana kalmashe ta, wadda ta gajarce kuwa sai dai a ba ƙane. Wayar da aka yanka daidai rabin zango takan amsa wannan zangon fiye da kowanne, ta karɓe shi da sauƙi, ta fitar da shi da sauƙi. Ni a ganina nan ne kuɗin mutane ke salwanta. A sayi na'ura mai tsada, a maƙala mata eriyar da ba a auna ba, sannan a koma wurin mai shago ana cewa ya sayar da jabu. Mita goma na wayar wuta da aka auna da kyau, aka ɗaga a wuri mai kyau, sun fi ƙarin ƙarfin na'ura amfani nesa ba kusa ba.

To me ya sa sai an fita? Na farko, fili. Eriyar zangon mita 40 tana buƙatar wajen mita 20 a miƙe. Ka hau saman bene a Soron Ɗinki ka duba. Katanga ta jingina da katanga, kwanon wannan gida ya haɗu da na wancan, lungun da ke tsakani babura biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya raɓe, sama da lungun kuma wayoyi sun sarƙe, wasu daga falwaya, wasu daga janareton maƙwabci. Ta ina za ka miƙe mita 20 ba ka ratsa saman tsakar gida uku ba? Hawa sama ma a cikin gari yana da ladabinsa; ba a leƙa gidan mutane da sunan gyaran eriya.

Na biyu ya fi tsanani, shi ne hayaniyar da kunne ba ya ji amma rediyo tana ji. Ga gwajin da za ka yi yau da dare. Ɗauki ƙaramar rediyo mai batir, ka kai ta matsakaicin zango, ka tsaya inda babu tasha. Matsa da ita kusa da cajar waya da ke jone a bango. Za ka ji ƙirrr, ko shuuu mai toshe kunne. Zare cajar, ƙarar ta ɗauke. Gwada kusa da ƙwan lantarki irin na zamani, kusa da inbata, kusa da akwatin da ke daidaita cajin sola. Kowannensu yana yanke wuta yana haɗawa sau dubbai a sakan ɗaya, kowace yankewa kuma ɗan ƙaramin saƙon rediyo ne da ke bin wayoyin gida ya fantsama cikin unguwa. Yanzu ka tuna shagon caji guda ɗaya na bakin titi, caja nawa ke jone a ciki? Shi ya sa dattawa ke cewa rediyo ta fi kamawa a da, kuma suna da gaskiya. E, wasu tashoshin sun rage watsawa a gajeren zango, amma garin ma ya cika da ƙara. Saƙon da ya taso daga wata nahiya yakan iso Kano a galabaice, cajar da ke ɗakinka kuwa tana ihu a kunnen rediyon. Fita 'yan kilomitoci bayan gari, inda ba falwaya ba inbata, wannan rediyon da ka raina za ta ba ka mamaki.

Fita da eriya fili ma da shi aka fara. Ran 12 ga Disamba 1901, Markoni, Ba'italiyen nan da ya shahara da wayar iska, yana kan wani tudu a garin St John's na tsibirin Newfoundland, wanda yau ke cikin Kanada, yana jiran saƙo daga Poldhu a kudu maso yammacin Ingila, nisan da ya haura kilomita 3,000. Ba shi da hasumiya. Sun gwada ɗaga waya da balan-balan, iska ta tsinke shi ta yi gaba da shi. Sai suka koma ga irin abin wasan nan da yara ke ɗaura wa zare iska ta ɗaga, ya ja musu waya wajen mita 150 sama. Markoni ya ce ya ji ɗigo uku, harafin S a rubutun Mos. Har yau masana na gardamar ko saƙon ya ji ko ƙarar sararin sama ce, amma dai eriyarsa ta wucin gadi ce, an kafa da safe an kwance da yamma.

Su kuma masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke haɗa na'ura su yi magana da juna don ilimi da nishaɗi ba don kuɗi ba, akwai bashinsu a wuyanmu ko ba mu sani ba. A 1912 Amurka ta yi doka ta kora su zuwa zangon mita 200 zuwa ƙasa, saboda a lokacin an ɗauka gajeren zango ba shi da wani amfani. Dogayen zanguna aka bar wa sojan ruwa da kamfanoni. A Nuwamba 1923 wani Bafaranshe a birnin Nis, Léon Deloy, ya yi musayar saƙo da 'yan sha'awa biyu a Amurka a kan zangon da ke wajen mita 100, da na'urorin da suka haɗa a gida. Daga nan manya suka farga da abin da suka yasar. Gajeren zangon da ya riƙa kawo mana Hausa daga Landan da Kolon da Washington, waɗannan ne suka share hanyarsa. Sun kafa ƙungiyarsu ta duniya a Paris ran 18 ga Afrilu 1925, kuma ranar ce suke bikin tunawa kowace shekara. A Amurka tun 1933 suke ware kwanaki a watan Yuni su fita fili da tanti da batir. A Birtaniya a 2002 aka fara wani tsari na hawa duwatsu da rediyo a jaka. 'Yan sikawut na duniya suna gaisawa ta rediyo kowace shekara tun 1958. Amfanin wannan atisaye ya fito a 2017, lokacin da guguwar Mariya ta kwantar da hasumiyoyin waya a tsibirin Puerto Rico, masu rediyon sha'awa suka riƙa isar da saƙonnin agaji da irin eriyar da za mu haɗa yanzu.

Amma kafin mu ɗauki filaya, ƙannena, ku buɗe kunne. Sauraro daban, watsawa daban. Kowa na iya haɗa eriya ya ji tashoshin duniya. Ka danna maɓalli ka saki muryarka a iska kuwa, wannan sai da lasisi daga hukumomin sadarwa na gwamnatin tarayya. Tun 1961 ƙasar nan ke da dokar wayar iska. Wanda aka ba lasisi ana ba shi lambar kira, ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Akwai ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya, NARS, matambayi ba ya ɓata. Sharuɗɗan sana'ar a duk duniya kusan ɗaya ne: ba talla, ba sakin kiɗa, ba zaurance. Duk abin da ka faɗa dole mai sauraro ya iya fahimta, kuma ka riƙa ambaton lambar kiranka. Oba-obar nan mai araha da ta cika kasuwa tana iya shiga zangunan da ba naka ba, har na jami'an tsaro da ma'aikatu. Masu haɗa 'yar tashar FM a ɗaki kuma su sani, jiragen sama suna magana da hasumiya tsakanin megahaz 118 da 137, dab da saman zangon FM, ga filin jirgin Malam Aminu Kano nan a gefen gari. Na'urar da ba a tace ta ba tana zubar da saƙo inda mai ita bai nufa ba.

(Gajeren kiɗa.)

Madalla, mun dawo. Eriyar da za mu fara da ita ita ce mai hannu biyu, uwar dukkan eriyoyi. Kayanta: wayar wuta mai silli da yawa a ciki, kauri milimita 1 ko 1.5, don mai silli ɗaya takan karye in ana yawan naɗe ta, kebul ɗin dish mita 10 zuwa 15, guntayen fayif ɗin roba na famfo, igiyar nailan, gwangwala ko gora, da tef. Waya da kebul akwai su a Sabon Gari, fayif a Ƙofar Ruwa. In za ka sayi waya, fere bakinta ka kankare silli ɗaya da wuƙa. In ka ga ja har ciki, jan ƙarfe ne. In jan ya goge fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa launi, zai yi aiki amma ba ya jure lanƙwasa.

Ga lissafin. Raba 143 da megahaz ɗin da kake so, abin da ya fito shi ne tsawon eriyar gaba ɗaya a mita, sai ka raba biyu. Da rabin zango cif muke bi da 150 za mu raba, amma waya takan nuna kamar ta fi tsawonta kaɗan, shi ya sa aka rage. Masu sha'awa suna da zango a megahaz 14 zuwa 14.35, wanda ake kira mita 20. Raba 143 da 14.2, ka sami mita 10 da 'yan santimita, wato kowane hannu mita 5 da kaɗan. Kai dai yanka mita 5 da santimita 20, ka bar rara. Na mita 40 kuwa, a megahaz 7.1, kowane hannu mita 10 ne da kaɗan. Mai son jin labarai a mita 19, wajen megahaz 15.4, ya yanka mita 4 da santimita 65 sau biyu.

Tsakiyar eriyar ita ce wurin natsuwa. Yanko fayif tsawon tafin hannu, ka huda rami ɗaya a kowane gefe, ka zura bakin kowace waya ka ƙulle, don in an ja nauyin ya faɗa kan ƙulli. Fere kebul ɗin dish. Za ka ga zare ɗaya mai kauri a tsakiya, farar roba ta rufe shi, sai saƙar sillaye a kewaye. Zaren tsakiya ya tafi hannu ɗaya, saƙar ta tafi ɗaya hannun. Silli ɗaya tak daga saƙar in ya taɓa zaren tsakiya, eriyar ta mutu, kuma ba za ka gan shi ba sai ka ɗaga ta a rana ka ƙura ido. A yawancin kebul ɗin dish saƙar alminiyam ce, dalma ba ta kama ta, ko ka kwana kana ɗora mata ƙarfe mai zafi. Murɗe ta ta zama igiya ɗaya, ka matse ta da wayar da ƙaramin noti, ko da irin mahaɗin nan mai sukurori da masu wayarin ke amfani da shi. Naɗe da salatif ɗin lantarki, ka ɗaure kebul ɗin a jikin fayif don kada nauyinsa ya tsinke haɗin. Ƙasa da wurin kaɗan, naɗe kebul ɗin zagaye takwas zuwa goma, faɗin zagayen kamar santimita 10, ka ɗaure. Wannan naɗin shi ke hana saƙo gangarowa ta bayan kebul ya dawo maka cikin na'ura.

Wani zai ce kebul ɗin dish om 75 ne, na'urorin sha'awa kuwa 50 suke so. Haka ne. Amma ita eriya mai hannu biyu tsakiyarta tana tsakanin waɗannan lambobi biyu, gwargwadon tsayinta daga ƙasa, saboda haka asarar ba ta taka kara ta karya ba. Yi aiki da abin da kasuwarku ke da shi.

Kafawa ba ta buƙatar sanda biyu. Ɗaga tsakiyar a kan gwangwala mai tsawon mita 6 ko 7, ka bar hannuwan su gangaro gefe da gefe, ka ja ƙarshensu da igiya zuwa turke. Gwangwala ba ta da nauyi, ba ta ɗaukar lantarki in ta bushe, kuma in ka yanka ta biyu ka haɗa da guntun fayif mai faɗi, za ta shiga Adaidaita Sahu. Buɗe hannuwan sosai, kada su matso juna. Tsakanin ƙarshen waya da igiya sa guntun fayif, kuma ƙarshen ya fi kan mutum tsayi, domin lokacin watsawa nan ne ƙarfin lantarki ke taruwa, yana ƙona fata, ga yara ga awaki. In akwai darbejiya ko tsamiya a wurin ka huta da ɗaukar sanda: zuba yashi rabin robar ruwa, ɗaura mata igiya, ka wurga ta ta haye reshe, ka ja tsakiyar eriyar sama. Waya dai kada ta kwanta cikin ganye.

Sai gyaran awo. Mai sauraro kawai ba ruwansa da wannan, santimita goma ba za su hana shi jin labarai ba. Mai watsawa kuwa dole ne, don eriyar da ba ta dace ba takan mayar wa na'ura da wani kaso na ƙarfinta, ta yi zafi, wata ma ta ƙone. Ana auna wannan da mitar SWR, ko da wata 'yar na'ura mai araha da ake kira NanoVNA. Ɗaya shi ne cikar kamala, ƙasa da 2 ya wadatar. In ka ga eriyar ta fi dacewa a ƙasa da inda kake so, ta yi tsawo ke nan. Kada ka yanke. Kalmashe santimita 5 a kowane hannu, ka murɗe shi a jikin wayar, ka sake ɗagawa ka auna. A zangon mita 20, wannan santimita 5 yana matsar da ita wajen kilohaz 140. Waya mai rigar roba, da kuma eriyar da hannuwanta suka gangaro, dukansu sukan nemi a rage kaɗan fiye da lissafi. A auna ta a tsayin da za ta yi aiki, don awon da aka yi tana kwance a ƙasa ƙarya ne. Kuma a gama duk wannan a filin makaranta ko filin ƙwallo tun kafin ranar fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai son zango biyu a eriya ɗaya ya yanka ta mita 20, ya sa guntun fayif a ƙarshen kowane hannu, ya ƙara wata wayar mita 5, da ɗan maƙali da zai haɗa su ko ya raba. A rabe mita 20, a haɗe mita 40.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni sha'awa a duk wannan ilimi. Eriya ɗaya, tsayinta daga ƙasa shi ke zaɓar maka wanda za ka ji. Can sama, daga kilomita 60 har sama da 300, akwai iskar da hasken rana ya cika da lantarki, tana lanƙwaso gajeren zango ya dawo ƙasa. In ka kafa eriyar mita 40 ƙasa-ƙasa, a kan gwangwalar nan tamu, yawancin saƙon sama yake miƙewa, ya dawo ya zuba a kewayenka, 'yan ɗaruruwan kilomita ta kowace fuska. Da rana, wannan ita ce hanyar Zariya da Katsina da Maraɗi da Damagaram, ba ruwanka da tudu ko dutsen da ke tsakani. In kuwa eriyar ta kai tsayin rabin zangonta, abin da ya fi sauƙi a mita 20 tunda mita 10 ne, saƙon yakan fita a kwance, ya doki sama can nesa, ya sauka Turai ko Gabas ta Tsakiya. Ɓangaren ƙasa na wannan iska da rana yana shanye dogayen zanguna, da dare ya watse. Shi ya sa bayan isha'i matsakaicin zango ke cika da tashoshin da ba ka taɓa ji da azahar ba. Ita kanta rana tana da zagaye na kimanin shekara 11, tana zafafa tana lafawa, kuma zagayen da muke ciki ya fara a ƙarshen 2019.

Akwai eriyar tsaye, sanda ɗaya mai tsawon rubu'in zango, mutane na son ta don ba ta cin wuri. Sai dai rabinta a ƙasa yake, ƙasarmu kuwa da rani ta bushe ƙamas, yashi da jar ƙasa ba sa ɗaukar lantarki sosai. Wanda ya soka guntun rodi ya ce ya yi as, ya yaudari kansa. Sai ya shimfiɗa wayoyi a ƙasa daga gindinta, huɗu ko takwas ko fiye. Ga mai koyo, mai hannu biyu ta fi.

(Gajeren kiɗa.)

Mu hau tudu. A megahaz 144 zuwa 146 akwai zangon mita 2 na masu sha'awa. Shi wannan galibi ba ya dawowa daga sama, iyakarsa inda ido zai iya hangowa da ɗan ƙari. Eriya a tsayin mita 2 tana hangen wajen kilomita 6, a mita 25 wajen kilomita 20, a mita 50 kusan 30. Nan ne Dala da Gwauron Dutse suke da rana. Ga gajeren zango kuwa shiru ya fi tudu. Gonar da aka girbe a hanyar Gwarzo ko bakin ruwan Tiga ta fi kan Dala, tunda Dala a tsakiyar hayaniyar take.

Eriyar wannan zango ita ce Yagi, irin mai sanduna jere da muka saba gani kan rufi tana kamo talabijin. A 1926 aka ƙirƙiro ta a Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan. Shintaro Uda ne ya yi yawancin aikin, maigidansa Hidetsugu Yagi ya bayyana wa duniya shi da Turanci a 1928, sunan maigida ya danne na yaro. Duk wanda ya yi zaman koyon sana'a ya san wannan labari. Masu sha'awa suna haɗa ta da tef ɗin magina na ƙarfe, mai faɗin inci ɗaya, saboda in ya bugi reshe yakan lanƙwashe ya koma daidai, in an gama a naɗe shi. Fayif shi ne ƙashin bayanta. Sandar baya santimita 105. Ta tsakiya gida biyu ce, santimita 45 kowanne, da tazarar yatsa biyu a tsakaninsu, nan kebul ke haɗuwa kamar yadda muka yi ɗazu, da wata 'yar waya ta santimita 13 da aka lanƙwasa ta haɗa gidajen biyu. Sandar gaba santimita 89. Daga ta baya zuwa ta tsakiya santimita 20, daga ta tsakiya zuwa ta gaba 32. Kankare fentin tef ɗin inda za a haɗa waya, kuma a rufe bakunan da salatif, tef ɗin da aka yanka ya fi reza kaifi.

Da ita za ka iya nuna sama ka saurari tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke tsayin kilomita 400 tana zagaya duniya kusan kowane minti 90. A megahaz 145.800 'yan sama jannati kan yi magana da ɗaliban makarantu, wani lokaci a aiko da hotuna cikin sauti. Wucewarta ba ta cika haura minti goma ba, akwai manhajojin waya da ke faɗin lokacin. Akwai kuma tauraron ƙasar Katar, Es'hail-2, da aka harba a Nuwamba 2018, yana tsaye wuri ɗaya sama da Afirka ɗauke da kafar masu sha'awa, da kwandon dish ake kama shi. Wannan sai wani shirin.

Abin da ke kashe masu kafa eriya wayar wuta ce. Kafin ka sauke jaka ɗaga kai ka duba sama. In sandarka za ta iya faɗuwa ta kai ga waya, ko igiyarka ta haye ta, bar wurin. Manyan layukan nan masu bolt 11,000 da 33,000 ba sai an taɓa su ba, wuta tana tsallakowa. Da damina, ka ji rugugin tsawa ko daga nesa, cire kebul daga na'ura ka sauke sanda, kada ka jira hadari ya iso. Da hunturu kuma akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: busasshiyar iska mai ƙura in tana goga doguwar waya takan tara mata lantarki, har ka ji tas-tas a bakin kebul, ko ta ɗan ja ka. Wannan tartsatsin yana iya lalata na'ura, saboda haka kafin ka jona, taɓa bakin kebul ɗin a jikin ƙarfen da aka soka a ƙasa. Batirin babur mai bolt 12 ya isa na'ura mai wat 5, a sa masa fis dab da kansa, a ajiye shi a inuwa. Jikin badala kuma ba wurin kafa ƙusa ba ne, abin da ya rage mata ya ishe ta.

Sai mutane. A halin tsaron da ake ciki, baƙo a kan tudu riƙe da oba-oba da wani ƙarfe yana nuna sama, wanda ya tsorata bai yi laifi ba. Ka fara da sallama wurin mai gona, ka biya ta wurin mai unguwa ko dagaci, ka sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, lasisinka da katin shaidarka a aljihu. Kada ka je kai kaɗai, kada ka kusanci bariki ko filin jirgi. Yara za su taru, bar su su taru. Miƙa wa ɗaya abin saurare ya ji, ka faɗa masa daga wace ƙasa muryar take.

Wani dattijo ya aiko yana tambaya, shi ba ruwansa da watsawa, 'yar rediyonsa ta aljihu yake so ta riƙa kamo masa labarai da kyau. Baba, Allah ya ƙara lafiya, naka mai sauƙi ne. A samo maka waya mai rigar roba mita 5 zuwa 7, a rataya ta a sarari nesa da wayoyin wuta, a naɗa bakinta zagaye biyar ko shida a jikin eriyar rediyon ba tare da an fere ta ba. Kada a zarce haka, don ƙaramar rediyo in an ɗura mata waya mai tsawo tashoshi sukan hau kan juna. In za ka ji labarai, a zare cajar da ke ɗakin. In kuma FM ce ke yi maka wasa, mai hannu biyu za a yi maka, santimita 72 kowane hannu, a manna ta a tsaye kusa da taga, a riƙa juya ta har muryar ta washe.

Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, batir da sola za mu duba, da yadda ake rage ƙarar inbata ba tare da an kashe ta ba. Masu tambaya su aiko, tare da tsawon wayar da suka yanka da megahaz ɗin da suka nufa. 

(Kiɗan rufe shiri.)